Kafin ka tura dosiye: yadda ake auna aikin malamin shimi

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan la'asar muna zaune a fada nan Birni, shayi na kan wuta, sai ga wani ƙanena ɗan maƙwabtanmu da ya gama lisans ya zo da wayarshi, ya ce yaya dan Allah duba mini, malamai biyu ne a ƙasar waje nake so in rubuta ma ɗaya cikinsu don masta, dukansu katalis suke yi, wato binciken katalizar. Ya buɗe mini shafinsu na Google Scholar, inda ake jera rubuce-rubucen masu bincike da yawan ambaton da aka yi musu, ɗaya an ambaci aikinshi dubbai, ɗayan ko ɗaruruwa ne kawai, shi kuma ya riga ya yanke wai mai dubban nan shi ne babba. Na ce mishi zauna tukun, ba haka ake awon ba. Mun kai har aka kira magariba muna bin takardunsu ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na nuna mishi ne nake so in rubuta a nan, don na san akwai irinshi da yawa a Jami'ar André Salifou da Maraɗi da Yamai, maza da mata, masu neman burs ko darektan tez amma babu wanda ya taɓa zama da su ya nuna musu.

Bari in ɗan faɗi mene ne katalizar saboda wanda ba ɗan shimi ba. Abu ne da ake sa ɗan ƙanƙane cikin haɗi, ya sauƙaƙa ma sinadarai biyu hanyar haɗuwa, in an gama ya fito yadda ya shiga ya sake kama wasu. Kamar dillali ne a Kasuwar Dole, ya haɗa mai saye da mai sayarwa ya juya ya haɗa wasu, sai dai shi wannan ba ya karɓar la'ada, amma yana gajiya, wata rana ya daina aiki. Takin ure da ake zuba ma masara da shinkafa tushenshi amoniyak ne da ake yi da katalizar na ƙarfe, esans ɗin da matatu irin SORAZ suke fiddawa shi ma sai da katalizar ake farfasa ɗanyen mai mai nauyi. Santez organik kuma ginin molekil ne, ka ɗora karbon kan karbon har ka samu magani ko turare ko maganin ƙwari. To mai wannan sana'a shi muke so mu auna.

Abu na farko da mutane suke tsallakewa, ka tabbatar shafin da kake kallo na mutumin ne shi kaɗai. Google Scholar inji ne, yakan kwaso aikin masu suna iri ɗaya ya zuba ma mutum guda, balle irin sunayenmu su Musa da Abdu da Ibrahim, ko sunayen Sin da Indiya da mutum dubu suke amsawa. Ka duba ƙarƙashin sunan ko an rubuta an tantance adireshin imel na jami'arshi, sannan ka gangara cikin jerin, in ka ga mai katalis yau gobe ya rubuta kan tiyatar ido ka san an gauraya. Sai ka nemi lambar ORCID ɗinshi, lamba ce mai alƙaluma 16 da aka fara bayarwa a 2012, kowa da tashi kamar lambar kartidantite, yawanci za ka ganta a jikin artikil ɗin kusa da suna.

Sai lambar h da kowa yake kambamawa. Wani masanin fizik ne, Jorge Hirsch, ya fito da ita a 2005, kuma lissafinta ba wuya: in an ce h ɗin mutum 20 ne, to yana da artikil 20 da kowane an ambace shi aƙalla sau 20. Tana da amfani ban ce ba ta da shi ba, amma ka lura ba ta taɓa sauka, ko mutum ya rufe labo shekara goma tana nan inda take, kuma dattijo dole ya fi yaro don ya fi shi daɗewa a fagen. Shi ya sa ni layi na biyu nake fara kallo, wanda Scholar yake nuna na shekaru biyar na baya kawai, sai kuma in danna in jera aikin bisa shekara in ga me ya fito bara da bana. Kai da za ka je ka zauna a labonshi shekara biyu ko huɗu, abin da ake dafawa yanzu ne ya dame ka.

Yanzu ka jera su bisa yawan ambato ka kalli biyar na sama. A nan ne muka gano labarin malamin ƙanena mai dubbai, kusan duka na saman revi ne, wato rubutun da ake tattara aikin wasu a taƙaita, irin na Chemical Reviews. Revi aiki ne mai wahala kuma mu ɗalibai da shi muke koyo, amma ana ambatonshi ne don yana rage ma marubuci wahalar jero sunaye ɗari, ba don mai shi ya gano wani haɗi sabo ba. Ka ware revi gefe guda ka ƙirga abin da ya rage. Sannan ka duba inda sunanshi yake faɗowa. A shimi al'ada ita ce sunan farko shi ne wanda ya sha hayaƙin labo, ɗalibi ko ɗan bayan tez, wanda kuma aka sa ma tauraro, galibi a ƙarshe, shi ne mai labon kuma mai tunanin. In mutum kullum a tsakiya yake, na biyar cikin tara, to wataƙila na'ura ce gare shi da ake zuwa aunawa, ko abokin aiki ne, ba laifi ba ne amma ba shi ne mai gonar ba.

Daga nan ka danna wurin da aka rubuta Cité par a ƙarƙashin babban artikil ɗinshi ka buɗe ashirin na farko. Su wa suke ambatonshi? In shi ne da ɗalibanshi da abokinshi guda da kullum suke musayar ambato, to ihu ne cikin ɗaki. In ko ka ga labo daga Japan, wani daga Jamus, wani daga Indiya, mutanen da ba su taɓa haɗa rubutu da shi ba, sai ka buɗe biyu ko uku ka nemo sunanshi a ciki. Akwai bambanci babba tsakanin a jefa shi cikin gabatarwa tare da mutum goma sha biyar a lamba ɗaya, da a ce a sashen gwaji mun haɗa wannan molekil ne bisa hanyar wane. Na biyun nan shi ne zinariya, yana nufin wani ya ɗauki hanyarshi ya zuba a kwalbar gwajinshi kuma ta yi.

To yanzu mu zo inda na fi so ka daɗe, wato karanta artikil ɗin da kanka, ko da Ingilishinka bai nuna ba, don zane da tebur yarensu ɗaya ne a duniya. Ka zaɓi guda ɗaya wanda yake da tauraro a kai, ka sauke shi da dare lokacin da koneksiyon ta fi sauƙi, ka haɗa da fayil ɗin da ake kira Supporting Information, shi wannan a mujallu da yawa kyauta ne ko da artikil ɗin na kuɗi ne, kuma gaskiyar aikin a can take. Tebur na farko yawanci na gyaran sharuɗɗa ne, an canza solvan, wato ruwan da ake narka sinadaran a ciki, an canza zafi, an canza ligan, wato molekil ɗin da ake maƙala ma ƙarfen katalizar. Ka nemi layin da aka yi haɗin babu katalizar sam. In babu wannan layin to da me aka san katalizar ɗin ne ya yi aikin? Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A 2003 Nicholas Leadbeater ya buga cewa ya yi haɗin Suzuki, wata hanyar ɗora karbon kan karbon da aka saba yi da katalizar na paladiyom, ba tare da ƙarfe irin paladiyom ba, duniya ta ɗauka, bayan shekara biyu shi da kanshi ya dawo ya buga cewa ashe akwai ɗan ɓurɓushin paladiyom a cikin karbonat ɗin sodiyom da suke amfani da shi, wajen kashi 50 cikin biliyan, kuma shi ne yake aikin. Ni wannan mutumin girmanshi ƙaruwa ya yi a idona, kuma darasin ya zauna ma duk mai katalis.

Sai randeman, wato kashi nawa cikin ɗari aka samu na abin da ake son haɗawa. Ka duba ƙasan tebur da ƙananan haruffa, shin abin da aka tace aka auna a sikeli ne, ko ƙiyasi ne daga na'ura kafin a tace? Kashi 95 na na'ura yakan koma 70 in an bi da shi ta kolon ɗin tacewa. Sannan nawa aka zuba na katalizar. In an sa kashi 10 cikin ɗari aka samu randeman 80, kowane ƙwayar katalizar sau 8 kawai ya juya, in ko kashi 1 aka sa haɗin ya cika, sau 100 kenan, wannan shi ake kira TON, kuma masu masana'anta dubbai suke nema musamman in paladiyom ne ko rodiyom da ake sayarwa giram giram kamar zinariya. Amma kar ka riƙe wannan kamar karatun allo. Benjamin List a aikinshi na 2000 prolin ya zuba wajen kashi 30, sai dai prolin asid amine ne mai arha wanda ma yana jikinmu, ba guba ba ƙarfe, kuma wannan aikin tare da na David MacMillan na shekarar shi ya kai su ga kyautar Nobel ta 2021. Kenan tambayar ita ce me aka zuba, nawa ne kuɗinshi, kuma ana iya samunshi?

In aikin na asimetrik ne za ka ga ee. Wasu molekil suna zuwa biyu kamar hannun dama da na hagu, kama ɗaya amma ba sa hawa kan juna, jiki kuma yakan karɓi ɗaya ya ƙi ɗaya. In an ce ee 90 to ana nufin 95 na hannu guda 5 na ɗayan. Ka je cikin fayil ɗin ka ga ko sun sa zanen kromatografi, wato na na'urar da take raba hannuwan biyu, na gaurayen biyun da kuma na abin da suka samu, gefe da gefe. Haka spektar RMN, wato zanen tsaunuka da na'ura take fiddawa don nuna ginin molekil, ka buɗe ko guda biyar ka kalla, mai tsabta ne ko cike yake da tsaunukan solvan da datti, ko kuma an yanke gefe don kar a gani. Ba sai ka iya fassara kowane tsauni ba, ido ma yana gane aiki mai tsabta kamar yadda kake gane ɗinkin baduku na ƙwarai ko ba ka taɓa riƙe basilla ba.

Akwai kuma babban zanen nan mai molekil talatin ko arba'in da ke nuna faɗin hanyar. Kar yawan ya ruɗe ka, wani lokacin abu ɗaya ne aka yi ta canza ma hula, metil nan, kloro can. Ka nemi masu azot a cikin zobe irin piridin, masu OH ko NH a buɗe, don irinsu ne suke cikin magunguna kuma su ne suke kashe katalizar. Malamin da ya ware wuri ya ce waɗannan mun gwada ba su yi ba, wallahi ka riƙe shi, mai gaskiya ne kuma zai koya maka gaskiya. In kuma sun nuna sun yi haɗin a giram ɗaya ko fiye ba miligiram ashirin kawai ba, wannan ma alama ce mai kyau.

Tasiri na ainihi sau da yawa ba a cikin Scholar yake ba. Ka rubuta sunanshi a Google Patents ko Espacenet ka ga ko yana da breve, wato takardar mallakar ƙirƙira, ko kamfanonin magani sun ambaci aikinshi a nasu. Ka duba mujallar Organic Process Research & Development, can ne masu dafa kilo kilo a masana'anta suke rubutu, in sun yi amfani da hanyar mutum to ta wuce gwaji. Akwai kuma Organic Syntheses da ake bugawa tun 1921, ita kafin ta karɓi hanya sai wani labo daban ya maimaita ta da hannunshi ya ga ta fito, kuma kyauta take a intanet. Mataki na can sama shi ne ka ga ana sayar da katalizar da sunan mutum a katalog, kamar na Grubbs, ko haɗin ya zama ana kiranshi da sunanshi. Haɗin da Akira Suzuki da Norio Miyaura suka buga a 1979 a Hokkaido yau da shi ake haɗa losartan, maganin hawan jinin da iyayenmu da yawa suke sha, ka ga ai wannan ya wuce maganar lamba.

Kuma irin wannan tasirin yakan yi jinkiri sosai, abin da ya sa nake jin zafi in na ga ana raina mutum don lambarshi ƙarama ce. Yves Chauvin a cibiyar man fetur ta Faransa yake aiki, ko doktora bai yi ba, a 1971 shi da ɗalibinshi Hérisson suka bayyana yadda metatez take tafiya, wato haɗin da molekil biyu suke musayar ɓangarorinsu, da Faransanci suka rubuta, aka ɗau lokaci ba a kula ba, Nobel ba ta zo ba sai 2005 tare da Grubbs da Schrock. Richard Heck ya buga haɗinshi na paladiyom a 1972, ya yi ritaya daga Jami'ar Delaware a 1989 bayan kuɗin bincike sun yi mishi wuya, ya koma Filifin da zama, sai a 2010 aka kira shi karɓar Nobel tare da Negishi da Suzuki. Da a ce wani ɗalibi ya auna su da ƙirga kawai a lokacin da suke tsakiyar aikin, da ya wuce su ya tafi wurin wani.

Wannan ya kawo ni kan malamanmu na gida. Kar ka ɗauki sikelin Amurka ka ɗora ma malamin Yamai ko Wagadugu ko Kano. Mutumin da sai ya aika samfur ƙasar waje ya jira wata da watanni kafin ya ga spektar guda, reyaktif, wato sinadarin da ake haɗin da shi, in ya ƙare sai an yi oda, kuran kuma ya ɗauke tsakiyar haɗi, in ya fidda artikil biyu masu tsabta a shekara ya yi namijin ƙoƙari. Shi ka auna shi da matsayinshi a CAMES, hukumar da take tantance girman malaman jami'a a ƙasashenmu, da abin da ya buga a mujallar SOACHIM ta masana shimi na Afirka ta Yamma da sauran mujallu na ƙwarai, da ɗalibai nawa suka kammala a hannunshi, da kuma ko aikin ya taɓa abin da ke gabanmu, misali katalizar daga yumɓun ƙasarmu ko toka ko ƙashi don juya man tsirrai ya zama biyodizal, ko tace ruwan majema. Tambayoyin dai ba su canza ba, akwai gwajin da babu katalizar, an sake amfani da shi sau nawa kafin ya mutu, an auna abin da aka ce an samu?

Inda za ka yi hattara, a gida da waje, shi ne mujallun cin kuɗi. Ni kaina sun taɓa cin nawa lokacin ina masta, imel suka turo mini cike da yabo, na tura aikin da na yi wata takwas a kai, kwana huɗu suka ce an karɓa babu gyara ko ɗaya, na biya da kuɗin da na tara, daga baya da na sa shi cikin dosiye aka ce mini wannan mujallar ba a lissafa ta, kuma aikin ya riga ya fita ba zan iya kai shi wani wuri ba. Har yau abin yana mini ciwo. In ka ga jerin malam cike da mujallun da ba ka samu a kundayen da suke tantance mujallu irin Scopus ko Web of Science ko DOAJ ba, masu buga shimi da tattalin arziki da adabi a lamba ɗaya, ka yi tunani, don inda yake bugawa nan zai kai naka. Ka kuma rubuta sunanshi a PubPeer, inda ake tona kurakuran artikil, da Retraction Watch, mai bin diddigin waɗanda aka janye. Janye artikil guda ba shi ne mutuwar mutunci ba, Frances Arnold mai Nobel ta 2018 da kanta ta fito a farkon 2020 ta ce sun janye wani aikinsu don an kasa maimaita shi. Abin gudu shi ne ka ga an yi ta nuna hotuna da spektar da aka taɓa, sau uku sau huɗu, mai labon kuma ya yi gum.

Maganar samun artikil ɗin kuma, kar ka ce kuɗi sun hana ka. Ka tambayi mai kula da bibliyotek na jami'arku kan Research4Life, shirin da yake buɗe ma ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun kuɗi, Nijar tana cikin ƙasashen da cibiyoyinsu suke shiga kyauta in sun yi rajista. Akwai HAL na Faransa, rumbun artikil na kyauta, akwai ChemRxiv inda ake sa aiki kafin mujalla ta buga, in duk ba ka samu ba ka rubuta ma mai tauraron kai tsaye ka roƙa, yawancinsu suna turowa da murna.

Saura ɗalibanshi, don kai ma ɗalibi za ka zama. In a Faransa yake ka shiga theses.fr ka sa sunanshi, za ka ga tez nawa ya jagoranta, wace shekara aka fara wace shekara aka kare. Ka ɗauki sunayen ka koma Scholar, kowane ya fita da artikil da sunanshi a farko? Ina suke yanzu? Ka nemi ɗaya ko biyu a LinkedIn, in da ɗan Afirka a ciki ya fi, ka gaishe shi da ladabi ka tambaye shi sau nawa malam yake zama da ɗalibi a wata, wa yake biyan reyaktif, kuma na'urar RMN a gidan take ko sai an aika.

In ka gama duk wannan sai ka rubuta imel ɗin, gajere, ka fara da Farfesa wane, ka faɗi ko kai wane ne da inda ka yi karatu a layi biyu, sannan ka ambaci artikil ɗaya da ka karanta da gaske ka yi tambaya a kanshi, misali na ga piridin bai yi ba a tebur na uku, ko azot ɗin ne yake kama paladiyom? Ƙanena malami na biyun ya rubuta ma, mai ɗaruruwan, don mun tarar labo uku da ba su san shi ba sun yi aiki da ligan ɗinshi, kuma ɗalibanshi huɗu na baya kowane ya fita da nashi artikil. Ya tura daren Lahadi daga wayata don forfe ɗinshi ya ƙare, yanzu yana haɗa relebe da takardar haihuwa yana jiran amsa.